Kuɗin Injin Ɗantsoho

A shekarun da Argungu take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, duk wanda zai sayi tsohon injin jirgi tsakanin Augie da Birnin Kebbi sai ya ce a bari Labbo ya gani tukuna. Labbo bakanike ne. Yana da rumfar kwano a kan hanyar da ke gangarawa mashaya, da wani rabin duro cike da ruwa wanda yake maƙala inji a bakinsa ya tayar. Shi ba dillali ba ne, ba ya cin la'ada. Sule biyar ake ba shi na dubawa, daga hannun wanda ya kira shi, mai saye ne ko mai sayarwa. Zai cire filogi ya shinshina, ya juya kan injin da tafin hannu ya ji ƙarfin fistin, ya kwance ƙasa ya ga ko ruwa ya shiga man giya. Daga nan sai ya goge hannu da tsumma ya faɗi kuɗi sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. An sha zaginsa ranar ciniki, amma bayan damina ɗaya masu zagin ne suke dawowa su ce maganarsa ta fito.

Babban amininsa wani masunci ne, Ɗantsoho, wanda shi ne ya fara ɗaura wa jirgi inji a unguwarsu. Tun kafin 'yancin kai ya sayo shi a Yawuri, a hannun wani wanda shi ma a hannun Turawa ya same shi. Ƙirar Ingila ne, da tankin tagulla, kuma igiya ake naɗa masa a ka a fizga. Ba shi da gudu, ga hayaƙi, ga shan baƙin mai, amma da damina idan gulbi ya cika ya malale fadama, shi ke ƙetarar da manoman shinkafa, ya kuma ɗauko buhuna. Shekara ashirin Labbo yana riƙe da ran injin nan. Da kayan gyaran injin suka ɓace a kasuwa, da hannu ya riƙa yi masa: ya goge ƙusa ta zama fil ɗin farfelar da ke kaɗa ruwa, ya yanka roba daga tsohon tiyo, ya liƙe tankin da darma a wuri uku. Da sababbin injina na Japan suka shigo, masu gudu da rashin ƙara, fasinja suka koma can. Shekara uku na ƙarshe injin a zauren Ɗantsoho ya yi su, a jingine, an rufe shi da buhu.

Ɗantsoho ya rasu bayan an yanke shinkafa. Ya bar matarsa Riskuwa, da 'ya'ya mata biyu da ke gidajen mazajensu, da ƙanensa Tamba. Da aka zo rabon gado, gida da gona da jirgi duk an san kuɗinsu. Injin ne ya rage, sai liman ya ce a kira Labbo.

Ya zo da hantsi da sifanoninsa. Ya yaye buhun, ya daɗe yana kallon injin kafin ya taɓa shi. Ba ya bukatar kwance komai, don ya san cikinsa fiye da yadda ya san cikin ɗakinsa, amma ya kwance, don kada a ce bai duba ba. Fistin ya saki, ruwa ya ci giya, wayar wuta ta ruɓe.

"Naira talatin," in ji shi.

Tamba ya gyara zama. "Talatin, Labbo? Injin da yac ci da gidan ga shekara ashirin?"

"Don yac ci da shi shekara ashirin na ya koma talatin. Ko na tashe shi yau, ba shi kai damina. Wanda duk za shi saye, tagullar tanki za shi saye, da ɗan abin da za a cire a sa ma wani."

Riskuwa tana cikin takaba, a bayan zana take zaune tana ji. Daga can ta ce, "Tamba, a bar magana. Abin da Labbo yac ce shi na. Mai gidan ga bai taɓa musu da shi ba bisa inji."

Labbo ya ji daɗin maganar, ya kuma ƙara da cewa idan an sami mai ba da talatin kada a tsaya jira, don kowace damina ƙara cinsa take.

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Atiku ne, surukin Labbo, mijin 'yarsa guda ɗaya, Kulsumi. Yana da shagon kayan injina a Birnin Kebbi, yana kuma sayen matattun injina ya farfasa ya sayar da kayan ciki. Ya zo gaisuwar mutuwa, ya ji an yanka kuɗi, kwana biyu bayan haka ya dawo da a-kori-kura. Ya ba da talatin da biyar, ya ce biyar ɗin a yi wa mamaci sadaka. Labbo da kansa ya taya shi ɗaure injin a bayan mota, har ya sa buhu a ƙarƙashin tankin don kada ya lotse. A ranar ya gaya wa matarsa cewa Kulsumi ta yi dacen miji.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka labari ya iso, a bakin Ummaru, ɗan Argungu ne da ke tuƙa mota a wani kamfani mai haƙa hanyoyin ruwa a fadamar Zauro. Ya zo Juma'a, ya zauna a mashaya yana ba da labarin wurin aiki ba tare da sanin abin da yake kwancewa ba. Ya ce Baturen da yake tuƙawa yana da wata irin hauka ta tara tsofaffin injinan jirgi. Tun kafin azumi Baturen ya nuna wa masu shaguna hoton irin wanda yake nema, mai tankin tagulla. Atiku ya kawo masa, shi Ummaru ne ma ya sauke shi daga mota. Naira ɗari tara Bature ya biya, bai ko taya ba.

Ɗari tara ta fi kuɗin sabon inji na Japan a kwalinsa.

Kafin la'asar magana ta zagaye gari. Labbo yana tsugune yana wanke kafireton wani inji a cikin gwangwanin fetur sai ya ga inuwar mutane a kansa. Tamba ne, da mutum huɗu a bayansa.

"Nawa anka ba ka ciki?" in ji Tamba.

Labbo bai gane ba sai da aka maimaita masa labarin daga farko. Ya miƙe, fetur yana ɗiga daga yatsunsa.

"Wallahi yanzu nika jin wagga magana."

"Kai ka yanka kuɗɗi. Kai kac ce kar a jira. Mijin ɗiyarka yas saye. Kai ka ɗaure mai shi ga mota, kowa ya gani. Yanzu kuma kana ji."

Babu abu ɗaya a cikin abin da Tamba ya jera wanda ba haka aka yi ba. Labbo ya duba fuskokin waɗanda ke tsaye. Biyu daga cikinsu ya taɓa hana su sayen injinan da za su cinye musu dukiya. Ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi.

Washegari da safe ya shiga motar Birnin Kebbi. Ya sami Atiku a shago, an sake fenti, an kuma ƙara kanta. Atiku ya fito da sauri ya durƙusa, ya sa aka kawo kujera da ruwan sanyi. Labbo bai zauna ba.

"Ka san da Baturen nan ranar da kaz zo gaisuwa?"

Atiku ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

"Kuma ka bari nic ce talatin."

"Baba, ni ban sa maka magana ga baki ba. Kai anka kira, kai ka duba. Abin da kac ce na biya, har na ƙara. In da ka ce ɗari, ɗari za ni biya."

"Matar mamaci ta, Atiku. Tana cikin takaba."

"Kasuwa ta, Baba. Da wani na Yawuri yaz zo ya ba su ashirin, da sun amsa, ba mai cewa komi. Ni na san inda za ni kai shi, su ba su sani ba. Kai ma sanin da kaka da shi, ai shi aka biyanka sule biyar."

Ya faɗi wannan a hankali, cikin ladabi, yana durƙushe. Labbo ya ce ya mayar wa Riskuwa ko da rabi ne. Atiku ya ce kuɗin sun shiga kaya, amma zai duba. Daga yadda ya ce zai duba Labbo ya san an gama.

Bai shiga gida ya ga Kulsumi ba. Ya nemi Ummaru a bakin ofishin kamfani, ya ce ya kai shi wurin Baturen. Shi kansa bai san abin da yake nema a can ba. Abin da ke cin ransa shi ne ko akwai wani abu a jikin injin nan da idonsa ya tsallake shekara ashirin.

Gidan Baturen yana unguwar Gesse a nan Birnin Kebbi, cikin gidajen da kamfani ya kama wa ma'aikatansa. A baranda aka jera su a kan wani katako, injina huɗu, na Ɗantsoho ne na ƙarshe. Da ƙyar Labbo ya gane shi. An goge tankin har mutum yana ganin fuskarsa a ciki, an kankare baƙin man da ya daskare a ƙafarsa. Baturen dogo ne mai furfura, ya fito da gajeren wando, ya yi murna da jin cewa ga wanda ya san injin. Ya durƙusa ya nuna wa Labbo wata 'yar lamba da aka buga a gefen injin, yana magana da sauri. Ummaru ya fassara: wai wannan lambar ta nuna daga cikin na farko-farko ne da aka ƙera, kuma ko a ƙasarsu waɗanda suka rage ba su da yawa.

Labbo ya san lambar. Ya sha goge ta da babban yatsa idan mai ya rufe ta. Bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

"Tambaye shi ko ya tashe shi."

Bature ya yi dariya ya girgiza kai. Ummaru ya ce wai ba don ruwa ya saya ba. Gida zai kai shi ya ajiye.

Daga nan Baturen ya ɗauko wani ƙaramin kwali daga ƙarƙashin katakon ya buɗe. A ciki akwai fil ɗin da Labbo ya goge daga ƙusa, da robobin da ya yanka daga tiyo, da wani maƙunnin da ya ƙera daga cokali a shekarar da aka yi babban ruwa. Bature ya nuna su, ya nuna liƙin darma uku a ƙasan tanki, ya ɓata fuska. Ya faɗi wata magana, Ummaru bai fassara ba.

"Mi yac ce?" in ji Labbo.

"Ya ce wani ya ɓata injin da waɗannan. Da ba don su ba, da ya biya fiye da haka. Za shi aiko da na asali daga gida. Yana tambaya ko ka san wanda yay yi."

Labbo ya dubi kwalin. Ya tuna ranar da ya ƙera maƙunnin nan a kan tudu, ruwa ya kewaye su, Ɗantsoho yana riƙe masa da fitila da rana tsaka saboda duhun hadari, mutum goma sha ɗaya suna jiran a ƙetarar da su.

"Ce mai ban sani ba," in ji shi.

A mota, kan hanyar komawa Argungu, ya yi ta juya abin a ransa, bai sami inda ya yi ƙarya ba. Injin ba zai kai damina ba, wannan gaskiya ne. Tagulla ce kawai abin mora a jikinsa, wannan ma gaskiya ne ga duk wanda ke zaune a bakin gulbi. Amma an biya ɗari tara, kuɗin kuma suna hannun mijin 'yarsa.

Yana da buhu shida na shinkafa da ya noma a shekarar, su ne abincin gidansa har wata kaka. Ya sa aka ɗora huɗu a kan jakuna aka kai ƙofar gidan Ɗantsoho. Matarsa ta ce kada ya yi, bai ji ba. Jakunan ba su gama tsayawa ba Tamba ya fito ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"To, ga shi nan. Wanda bai ci ba mi za shi maido?"

Labbo ya wuce shi ya yi sallama a bakin zana. Riskuwa ta amsa. Suka gaisa kamar yadda aka saba, ya tambayi haƙuri, ta ce da godiya. Sannan ya gaya mata duk abin da ya gani a Birnin Kebbi, bai rage komai ba, har maganar Atiku. Ya rantse mata bai ga kwabo ba.

Yana jin ƙarar tsintsiyar da take juyawa a hannunta.

"Labbo, ni ban ce ka ci ba. Tamba ka cewa, ni ban ce ba. Na san ka tun ina amarya gidan ga."

Har ya buɗe baki zai yi godiya, sai ta ci gaba.

"Amma ranar nan, in da ka ce ba ka sani ba, da na jira. Ba yunwa muka ji ba. Kac ce talatin kamar wanda yag ga ƙarshen duniya, kac ce kar a jira, ni kau na rufe ma Tamba baki gaban liman saboda kai. Yanzu gidan ga ba ni da magana. Ɗiyana sun zo sun ce na bayar da gadonsu don kunyar abokin ubansu. Ɗauki shinkafarka. In ta shiga gidan ga, cewa za a yi an raba da ni."

Ya tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu. Bai ji komai ba sai takunta tana komawa ɗaki. Ya juya jakunan da kansa, ya bi ta cikin unguwa da su, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu suna kallo.

Abin da ya biyo baya ya fi zagin ciwo. Duk wanda ke da mataccen inji a bayan ɗaki ya jawo shi, ya goge da toka da lemun tsami, ya kawo rumfar Labbo yana tambayar ko wannan ma na ɗari tara ne. Labbo ya duba ya ce ashirin, ko ya ce na maƙera ne. Sai mutum ya yi murmushi ya ce, "To, a gai da Atiku," ya ɗauki kayansa. Wasu suka yi ta ɗaukar injina zuwa Gesse suna biyan kuɗin mota, mai gadi yana koro su. Da suka dawo ba su ce Labbo ya yi gaskiya ba. Cewa suka yi surukai sun riga sun toshe ƙofar.

Kafin damina ta kama, kamfanin ya kwashe kayansa ya tafi. Ummaru ya ce shi ya buga ƙusoshin akwatin da aka sa injinan huɗu. Riskuwa ta fita takaba ta koma Augie wurin babbar 'yarta, ba ta yi sallama da gidan Labbo ba. Tamba ya sayar da jirgin.

Labbo bai rufe rumfa ba, don gyara ba ya ƙarewa, kuma har a lokacin ba wanda ya kai shi a kan tsohon inji. Ana kawo masa, yana gyarawa, ana biyansa. Amma ciniki ya koma gindin wata tsamiya can gaba, inda wasu dillalai biyu suka kafa benci, suna cin la'ada ta kowane ɓangare. Wani lokaci baƙo daga Zauro ko daga ƙauyukan gulbi, wanda labari bai kai masa ba, yakan tsaya ya ce an ce a nan ake yanka wa inji kuɗi. Labbo yakan gaya masa abin da ya lalace a ciki da abin da ya rage, ɗaya bayan ɗaya. Idan mutumin ya ce to nawa ke nan, sai ya ce bai sani ba, ya nuna masa tsamiya.

A shekara ta gaba Kulsumi ta haifi ɗa namiji. Atiku ya aiko da goro da mota, ya ce sunan Baba za a sa wa yaron. Labbo ya ce ba za shi ba. Matarsa ta yi kwana uku tana roƙonsa, ta ce yarinyar ba ta yi masa komai ba, kuma shekara guda ke nan ba ta sa shi a ido ba. Ranar suna ya sa rigarsa ta Juma'a ya shiga motar.

Atiku ya tashi daga gidan haya, ya gina nasa. A sabon zauren aka shimfiɗa wa Labbo darduma a sama, kusa da liman. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka kawo masa jaririn ya riƙe, ya tofa masa albarka, don yaron bai san komai ba. Aka ajiye masa akushin tuwon shinkafa da cinyar rago. Da ya ɗaga kai sai ya ga mutanen Argungu su shida a bakin ƙofa, waɗanda suka zo cin kasuwa suka biyo ta wurin suna. Suka gaishe shi da fara'a, suka yi masa barka, idanunsu suna yawo a kan silin da sabon siminti da naman da ke gabansa. Ya amsa musu. Ya san motar la'asar za su bi, za su riga shi isa gida.

Kulsumi ta aiko daga ciki a tambaya ko Baba ya ci abinci. Ya wanke hannu ya jawo akushin.